Ganuwar Keffi da Duwatsun Mada: Yadda 'Yan Mishan Suka Shigo Ta Bakin Hausa

A shekarar 1894 wani limamin Kirista ɗan Ingila, Charles Robinson, ya kama hanyar fatake daga Loko, bakin Binuwai, ya ratsa Nasarawa da Keffi da Zariya, bai tsaya ba sai Kano. Ba majami'a ya zo ginawa ba. Wata ƙungiya ce da aka kafa a Ingila domin nazarin Hausa ta aiko shi ya koyi harshen a bakin masu shi, don a samu yadda za a juya Linjila zuwa Hausa. Keffin da ya tarar gari ne mai ganuwa da babbar kasuwa, wanda Abdu Zanga ya kafa wajen 1800, yana biyayya ga Sarkin Zazzau. Hauren giwa da bayi suna cikin hajar da ta ɗaga sunan garin, kuma da yawa daga bayin nan daga ƙabilun kewaye ake kamo su.

A wannan shekara dai wasu samari biyu suka rasu a kan irin wannan nema. Walter Gowans ya mutu a Girku, kusa da Zariya, Thomas Kent kuma a Bida. Su uku ne suka sauka Ikko a Disambar 1893, na ukun shi ne Rowland Bingham, wanda zazzaɓi ya hana shi shiga cikin ƙasa, ya koma Kanada. Daga wannan tafiya da ta watse aka samu mishan ɗin da ake kira SIM, wanda bai iya kafa tasha mai ɗorewa ba sai 1902, a Patigi.

Amma abin da ya tsara makomar aikin mishan a ƙasar Keffi ba mai wa'azi ba ne ya yi shi. A watan Oktoba na 1902 Magajin Keffi Ɗan Yamusa, wakilin Sarkin Zazzau a garin, ya kashe Razdan Kyaftin Maloni. Har yau akwai dutsen da ake kira da sunan Maloni a Keffi. Magaji ya yi arewa, Sarkin Kano Alu ya karɓe shi da girmamawa, shugaban Turawan mulki Lugga kuwa ya riƙe wannan a cikin hujjojinsa na kai wa Kano yaƙi a Fabrairun 1903. Bayan an ci Sakkwato a watan Maris, Lugga ya yi wa sarakuna alkawarin cewa gwamnati ba za ta taɓa addininsu ba. Razdanonin da suka biyo baya suka fassara alkawarin da faɗi, suka mai da shi dokar da ta hana 'yan mishan zama a garuruwan sarakunan Musulmi sai da izini, izinin kuwa da wuya yake samuwa.

Mutane da yawa suna ɗaukan cewa Baturen mulki da Baturen mishan bakinsu ɗaya ne. A wannan yanki dai ba haka abin yake ba. Razdan zaman lafiya da haraji yake so, kuma ta hannun sarki yake samunsu, saboda haka mai wa'azi a bakin kasuwar birni fitina ce a gare shi. 'Yan mishan sun yi shekaru suna ƙorafi a kan wannan, har a tarurrukansu na Lakwaja a 1910 da na Miyango daga baya. Da ƙofar birni ta ƙi buɗuwa, sai suka juya ga mutanen da ke bayan ganuwa: Gwari da Gwandara da Gade da Yeskwa da Koro, da mutanen kan duwatsu irin su Mada da Eggon da Ninzam. Yawancinsu a lokacin addinin gargajiya suke bi, kuma tunawa da hare-haren bayi bai huce musu ba tukuna.

Ta yamma da arewa SIM ce ta matso. A 1910 ta buɗe tasha a Karu, cikin Gwari, da wata a Kwoi, cikin Jaba. Ta gabas kuwa wata ƙungiya ce daban, SUM, wadda Bajamushe Karl Kumm ya jagoranta, ta fara sauka a Wase a 1904. SUM taron rassa ce daga ƙasashe daban-daban, kowane reshe da yankin da aka yanka masa. Reshen Afirka ta Kudu ne ya samu wannan ɓangare. Ya fara da Keana a cikin Alago, sannan Randa, sannan Wana a kan duwatsun Eggon. Ikilisiyar da ta fito daga wannan aiki tana lissafin farkonta daga 1916. Da farko ana ce mata ta Dutsen Mada, yau sunanta ERCC, hedkwatarta tana Alushi kusa da Akwanga, inda asibitinta ya yi suna wajen jinyar kutare.

A nan ne labarin ya yi wani juyi da ya cancanci a tsaya a kansa. Ƙasar da 'yan mishan suka samu kansu a ciki, tafiyar yini ɗaya tana iya ratsa harsuna uku ko huɗu. An yi ƙoƙarin rubuta wasu daga cikinsu, an juya sassan Linjila zuwa Gwari da Eggon, amma ma'aikata kaɗan ne, harsunan kuwa ba iyaka. Hausa ce kaɗai ta riga ta shiga kowace kasuwa ta bakin fatake da 'yan koli. Da aka buga cikakken Littafi Mai Tsarki da Hausa a 1932, aikin da Likita Walter Miller na Zariya ya ɗauki mafi yawan nauyinsa, sai magana ta ƙare. Ajin karatu da Hausa, littafin waƙoƙi da Hausa, shirin baftisma da Hausa, taron dattawan ikilisiya da Hausa. Harshen da mutanen kan dutse suka fara ji a bakin mahara da masu karɓar gandu, shi ne ya zama harshen addu'arsu. A ganina, babu wata hukuma kafin zuwan rediyo da ta yaɗa karatu da rubutun Hausar boko a kudancin Arewa kamar majami'a, ko da yake ba don kishin Hausa ta yi ba.

Abin bai zo kyauta ba. Akwai gidaje da yawa yau a Keffi da Garaku da Akwanga inda kaka ke magana da harshen ƙabilarta, jika na amsawa da Hausa. Shi ya sa a 'yan shekarun nan aka sake komawa ga fassara Sabon Alkawari zuwa harsunan yankin ɗaya bayan ɗaya.

Sai batun su waye suka yi ainihin aikin. Littattafan mishan cike suke da sunayen Turawa, amma Bature ɗaya ko biyu ne a tasha, kuma rabin lokacinsa yana kan jinya ko hutu a ƙasarsu. Wanda ya kwana a ƙauye shi ne mai bishara. Yawanci saurayi ne da ya koyi karatu a ajin yamma, aka tura shi makarantar Littafi Mai Tsarki shi da matarsa, ya dawo aka ba shi ƙauyen da ba nasa ba. Zai nemi fili wajen mai gari, ya yi gonarsa da damina kamar kowa, ya koyar da baƙaƙe a gindin bishiya da rani, sai an samu 'yan gidaje sannan a haɗa hannu a ɗaga ɗakin addu'a na jinka. Makarantun da suka horar da irin waɗannan mutane su ne Kagoro a ɓangaren SIM, da Gindiri wadda SUM ta buɗe a 1934, sannan ƙananan makarantu kamar ta Karu. Karatu mai zurfi na tauhidi da Turanci bai zo ba sai daga baya, da kafa kwalejin TCNN a 1959. Matan zumunta ma ba a cika ba su haƙƙinsu a tarihi ba, alhali da tulunansu da waƙoƙinsu da ɗan abin da suke tarawa aka riƙe ikilisiyoyin ƙauye da dama.

Daga shekarun 1950 ragama ta fara komawa hannun 'yan ƙasa. Majami'un SIM suka zama ECWA a 1954. A 1955 ikilisiyoyin da rassan SUM suka haifa suka taru a Randa suka kafa tarayyarsu, wadda yau ake kira TEKAN. Tun kafin wannan, a 1948, an kafa ƙungiyar aika masu bishara ta 'yan ƙasa, wadda ta zama EMS, kuɗinta daga baikon masu bi, ba daga ƙetare ba.

Mutumin da ya fi ɗaga wannan ƙungiya ɗan ƙasar nan ne, Panya Baba, Bagwaren Karu. Ya shugabanci EMS daga 1970 zuwa 1988, sannan ya zama shugaban ECWA baki ɗaya har 1994. A zamaninsa masu bisharar EMS suka kai ɗaruruwa, suka ƙetare iyaka zuwa maƙwabtan ƙasashe, ya kuma zama ɗaya daga cikin muryoyin da ake saurara a tarurrukan mishan na duniya, yana jaddada cewa ikilisiyar Afirka ta isa ta aika, ba ta tsaya karɓa kawai ba. Garin da aka buɗe wa tasha a 1910, cikin shekara 60 ya fitar da mai aika wasu. Yau ECWA tana da majami'u har a Amurka, kuma a 2005 ta kafa Jami'ar Bingham, wadda ke Karu, a gefen titin Abuja zuwa Keffi.

Shi kansa garin Keffi, Kiristancinsa ya fi shigowa ta hannun baƙi: ma'aikatan gwamnati, malaman makaranta, 'yan kasuwa daga kudu, da 'ya'yan ƙauyukan kewaye da suka zo neman karatu ko aiki. Kwalejin Gwamnati ta Keffi, inda marigayi Umaru Musa 'Yar'aduwa ya yi karatu, ta tara 'ya'yan Musulmi da na Kirista daga larduna daban-daban a aji ɗaya. Ƙirƙiro Jihar Nasarawa a 1996, da jami'ar jiha da aka kafa a garin, da cunkoson Abuja da ya malalo ta Mararraba da Masaka, sun ƙara yawan majami'u iri-iri, har da na zamani masu wa'azi da Turanci.

Tsofaffin da suka zauna a ajin masu bishara na farko suna ƙarewa, takardun baftisma da littattafan taro kuma gara na cin su a akwatunan majami'un ƙauye. Ya kamata sashen tarihi na Jami'ar Jihar Nasarawa da na Bingham, tare da shugabannin ECWA da ERCC, su tura ɗalibai su naɗi muryoyin dattawan nan, su ɗauki hoton takardun, tun suna nan.