Tiyon Baƙin Mai da Zaren Ƙasashe Biyar a Briqueterie

An fi sanin unguwar Briqueterie ta Yawunde da tsire da atamfa da kekunan teloli, ba da gareji ba. Unguwar ta samo sunanta daga wurin gasa bulo na zamanin Turawa, 'yan ƙasa Ewondo kuwa Ekoudou suke kiran wurin, mutanen gari kuma su taƙaita su ce La Brique. Jamusawa sun kafa sansaninsu a Yawunde a ƙarshen shekarun 1880, fataken Hausawa suka biyo sawu da tufafi da shanu, suna sayen hauren giwa da roba. Daga baya wannan unguwa ta zama masaukin ɗan arewa, kuma da jirgin ƙasa ya iso daga Duwala a 1927, sannan layin Ngaundere ya kammala a 1974, fatauci ya sauka daga kan jaki ya hau ƙarfe. Tunda layin a Ngaundere ya tsaya, mai dukiyar da ke tafiya Garwa da Marwa da Kusiri dole ya san mota. A nan ne ƙaramin abu kamar tiyon baƙin mai yake shiga tarihin unguwar, domin a ganina zaɓen tiyo da mahaɗinsa a Kamaru karatun tarihi ne kafin ya zama aikin sifana: kowane zaren noti da bakanike ya ɗauka gadon wata ƙasa ce da ta taɓa sayar wa Kamaru inji.

Aikin kansa ba shi da wuyar fahimta. Filta tana ɗaure a jikin inji, famfo yana tura mai ta cikinta kafin ya kai ga ƙarafan da ke gogayya. Idan wurin ya matse, sai a cire ta, a ɗaura faranti a gurbinta, a ja tiyo biyu zuwa inda hannu zai kai, ɗaya na fita ɗaya na dawowa. Daga wannan lokaci duk man injin ta waɗannan tiyo biyu yake bi, da zafin da kan haura digiri 100. Tiyo ɗaya ya suɓuce a kan hawan Yawunde, garin da ba ya rabuwa da tudu, kafin direba ya lura da jar fitila inji ya buga.

To, me ya sa mahaɗin da ya shiga daidai a ido yake yoyo? Saboda zare ba iri ɗaya ba ne. Ingila ta gaji tsarin Joseph Whitworth na 1841, mai kusurwar digiri 55, kuma daga shi zaren bututu na BSP ya fito. Land Rover da Bedford suka kawo ma'aunin inci, musamman ta yankin da ke hannun Ingila kafin ya haɗe da Kamaru a 1961. Faransa da Jamus suka zo da milimita a jikin Berliet da Peugeot da Marsandi. Amurka ta shigo ta katafilolin hanya da na yankan katako, da zaren NPT mai digiri 60 da mahaɗi mai baki digiri 37, wanda asalinsa ma'aunin AN ne na sojojin Amurka. Japan ta zo a ƙarshe, ta kuma haɗa biyu: motarta ta milimita ce, amma ramin na'urar auna ƙarfin mai sau da yawa zaren bututun Ingila ne. Bambancin kuwa kamar na tagwaye. A ƙaramin bututu mai sumuni na inci, na Amurka yana da haƙori 27 a kowane inci, na Ingila 28. Zai shiga zagaye biyu ko uku lafiya lau, sannan ya cije, mai ƙarfin hannu ya ƙara matsawa ya cinye zaren. Haka filta mai ramin milimita 20 takan hau kan sandar Toyota mai kashi uku cikin huɗu na inci, ta zauna kamar ta kama, har ranar da sanyin safiya ya ƙara wa mai kauri ya tunkuɗe ta.

Wannan cakuɗa ta tsananta ne bayan Janairun 1994, da aka karya darajar sefa da rabi. Sabuwar mota da sabon kayan gyara suka fi ƙarfin talaka, gwanjon Turai da 'yan Kamaru ke yi wa laƙabi da congelé ya cika tashar Duwala, kasuwar safaya ta Camp Yabassi ta bunƙasa. Dasa injin wata mota a jikin wata ya zama ruwan dare, kuma injin da aka dasa ba ya tambayar inda shasi ya bar masa fili. Filta takan faɗo daidai kan ƙarfen gindi ko ta jingina da salansa. Mayar da ita gefe, wanda a Turai ado ne na masu tseren mota, a nan larura ce.

Wani zai ce ai tiyo tiyo ne, kuma an ga motoci da yawa suna yawo da na lagireto da kilif biyu. Gaskiya ne suna yawo, na ɗan lokaci. Robar tiyon ruwa an yi ta ne don ruwan zafi. Idan ta sha mai sai ta kumbura ta yi laushi daga ciki, inda ido ba ya gani. Mai yana son robar nitiril ko tiyo mai cikin teflon. Faɗi ma ba abin wasa ba ne. Rage ramin tiyo daga rabin inci zuwa kashi uku cikin takwas yana ninka wahalar wucewar mai kusan sau uku, shi ya sa masu sani ba sa sauka ƙasa da rabin inci, a babban inji ma su hau zuwa kashi biyar cikin takwas. Har tiyon haidurolik na katafila, da ake yabo don ƙarfinsa, yana da tarko: ramin ƙarfen bakinsa ya fi na tiyon ƙanƙanta, kuma mahaɗi mai lanƙwasa kamar gwiwa yana ƙara shaƙe hanya.

Ƙorafi na biyu ya fi nauyi. Ana iya cewa duk wannan dabara ce ta rashi, a sayi cikakken saiti daga waje a huta. Amma saitin an ƙera shi ne don motar da ta fito daga masana'anta yadda take, galibi da mahaɗin AN wanda idan ya lalace a hanyar Bertoua zuwa Ngaundere samun madadinsa sai an sha wuya. Tiyon da aka matse bakinsa a shagon haidurolik, da zaren da manyan motocin hanyar ke amfani da shi, ya fi amfani ga mai motar da ke kwana a daji. Abin da tsohon bafatake yake yi da ƙyalle, ya murza shi tsakanin yatsu ya ƙi yarda da sunan da dillali ya faɗa, shi bakanike nagari yake yi da mahaɗi: ya tafi kasuwa da tsohon a aljihu, ya jera haƙoransu baki da baki a hasken rana, ya ɗaura da yatsu kawai har ƙarshe kafin sifana ta taɓa shi. Sannan ya shafa fenti a tiyon fita don kada a juya su, domin filta tana da bawul mai hana mai komawa baya, kuma idan aka haɗa ta a juye inji zai tashi, ya yi ƙara kamar lafiya, alhali ko ɗigo ba ya kai masa.