Gidajen tsofaffi a Faransa: wa ke leƙawa ciki?

Ranar 3 ga watan Satumba na 2003, a maƙabartar Thiais da ke kudu da Paris, aka binne mutum 57 waɗanda babu ɗan'uwan da ya zo neman gawarsu. Shugaban ƙasa Jacques Chirac ya halarci jana'izar. Suna cikin mutum kusan dubu 15 da zafin watan Agusta ya halaka a Faransa cikin kwana 20, akasarinsu sun haura shekara 75. Mutumin Damagaram ko Tawa zai yi mamaki, don zafin bai wuce wanda ya saba gani kowace bazara ba. Amma ɗakunan can ba don zafi aka gina su ba, tsoho kuma ba ya jin ƙishirwa da wuri, sai an miƙa masa ruwa. Abin da ya fi tayar da hankali shi ne kusan ɗaya cikin biyar na mamatan sun cika ne a gidajen tsofaffi, wato wuraren da aka kafa musamman don kula da su.

Asalin waɗannan gidaje bai rasa nasaba da wannan sakaci ba. A 1656 sarki Louis na 14 ya kafa Hôpital général a Paris, inda aka riƙa tara mabarata da gajiyayyu da masu taɓin hankali da tsofaffin da ba su da kowa, maza a Bicêtre, mata a Salpêtrière. Manufar ita ce kawar da su daga titi, jiyya kuwa tana baya. An samu masu tausayi a tsakani, kamar Jeanne Jugan, wadda a 1839 ta goyo wata tsohuwa makauniya ta kwantar da ita a gadonta, daga nan ƙungiyar Petites Sœurs des Pauvres ta samo tushe. Sai a 14 ga Yuli 1905 doka ta wajabta wa hukuma taimakon wanda ya kai shekara 70 ba shi da abin hannu. Duk da haka, gidan da ake kira hospice ya ci gaba da zama katafaren zaure mai gadaje jere, inda mutum ba ya da labulen da zai suturta kansa.

Rahoton Pierre Laroque na 1962 ya ba da shawara a taimaki tsoho ya zauna gidansa muddin zai yiwu. A 1970 Simone de Beauvoir ta fitar da littafinta La Vieillesse, ta bayyana halin da ake ciki a zaurukan nan. Dokar 30 ga Yuni 1975 ta ba da wa'adin shekara 10 a sauya su baki ɗaya, aikin ya ci fiye da 20. Suna ya yi ta canzawa, daga hospice zuwa maison de retraite, daga nan zuwa EHPAD, inda mutum wajen dubu 600 ke zaune.

Dokar 2 ga Janairu 2002 kyakkyawa ce a takarda. Ta ba mazaunin gida yarjejeniya a rubuce, da takardar haƙƙoƙinsa, da majalisar da shi da danginsa za su faɗi albarkacin bakinsu. Ta kuma ce wani na waje ya riƙa auna ingancin aiki. Sai dai gidan ne ke zaɓen mai aunawar, shi ne kuma ke biyan sa. Duk malamin da ya taɓa samun labari tun da mako guda cewa mai binciken makarantu na tafe ya san yadda allo ke yin tsab a ranar, ya kuma san abin da irin wannan ziyara ke iya ganowa.

Bayan masifar 2003 babban darektan lafiya na ƙasa, Lucien Abenhaïm, ya yi murabus. Aka wajabta wa kowane gida ɗaki mai sanyi da tsarin gaggawa, aka kafa asusun CNSA a 2004, ma'aikatan ƙasar kuma suka riƙa ba da aikin yini guda a shekara ba tare da lada ba don cika shi. An magance zafi, ba a magance ƙarancin hannu ba. A 2017 masu jiyya na wani gida a Foucherans, cikin yankin Jura, suka yi yajin aiki na kwana 117, kukansu ba na albashi kaɗai ba ne: ƴan mintoci ake ba su su tashi tsoho, su wanke shi, su sa masa tufafi. Ranar 30 ga Janairu 2018 yajin ya game ƙasa. A watan Maris 2020, da annobar korona ta shigo, aka hana dangi ziyara, tsofaffi da dama suka rasu ba su ga fuskar ƴaƴansu ba. Da wannan hani aka rasa idon da ya fi kowane kaifi, domin ɗiyar da ke zuwa kowace Lahadi ita ke fara lura uwarta ta rame.

Wanda ya fasa ƙwan ba jami'in gwamnati ba ne. Ɗan jarida Victor Castanet ya yi shekara uku yana bincike, ya saurari shaidu fiye da 200, a Janairu 2022 ya fitar da Les Fossoyeurs, wato masu haƙa kabari, a kan kamfanin Orpea mai ɗaruruwan gidaje. Ya ba da labarin wani gida a Neuilly-sur-Seine inda ɗaki ke kamawa daga yuro wajen 6.500 a wata, fiye da miliyan 4 na sefa, amma ana ƙididdige wa tsoho ƙunzugun da zai yi amfani da shi a yini, ana tsuke cefane, ana barin gurbin ma'aikaci ba a cike ba. Cikin kwanaki aka sallami babban darektan kamfanin. Masu binciken gwamnati suka tabbatar da an karkatar da wani ɓangare na kuɗin jama'a da aka bayar don jiyya, kamfanin ya amince ya mayar da yuro miliyan 55,8. A 2023 ya koma hannun wani rukuni da Caisse des Dépôts ke jagoranta, a 2024 ya canza suna zuwa Emeis.

Tambayar da ta fi ta Orpea nauyi ita ce: ina hukuma take duk tsawon shekarun nan? Kotun ƙididdigar kuɗin ƙasa ta amsa a Fabrairu 2022, ta ce a yadda ake tafiya, gida guda kan ga mai bincike sau ɗaya cikin shekara 20 zuwa 30. Mazauninsa kuwa ƴan shekaru kaɗan yake yi a ciki. Ke nan tsoho na iya shiga ya fita a makara, babu wakilin hukuma da ya taɓa taka ɗakinsa.

A Nijar tsoho yana tsakar gida, maƙwabta na shigowa gaishe shi safe da yamma, wannan gaisuwa kuwa sa ido ce ko da ba a kira ta haka ba. Amma ƙasar ta gaji tsarin mulki da salon doka daga Faransa, kuma akwai cibiyoyin marayu da na naƙasassu da makarantun kwana inda marar ƙarfi ke zaune bayan katanga. Ƙungiyar da ke tunanin buɗe wa gajiyayyu mafaka ya kamata ta fara sanin wanda zai shigo ba sallama ya duba tukunya da shimfiɗa, da wanda zai biya shi.

A Maris 2022 gwamnatin Faransa ta yi alkawarin bincikar gidaje 7.500 cikin shekara biyu. Dokar 8 ga Afrilu 2024 ta tabbatar wa mazauni haƙƙin karɓar baƙon da yake so kowace rana. Da aka ba da sakamakon binciken a Maris 2025, an ce an duba kusan dukkan gidajen, an hukunta 55. Kashi biyu cikin uku na binciken a ofis aka yi shi, bisa takardun da gidajen suka aiko da kansu.