Rubutun Sifili da Ɗaya: Tarihin Yadda Kwamfuta Ke Riƙe Lambobi da Haruffan Hausa

Rubutun sifili da ɗaya shi ne tsarin da kwamfuta da wayar salula suke ajiye duk abin da aka ba su da shi, lamba ce ko harafi, murya ko hoto. A cikin na'ura babu baƙi babu wasali. Abin da ke ciki miliyoyin ƙananan makunnai ne, kowanne ko dai a kunne yake ko a kashe. Na kashe ana rubuta shi 0, na kunne 1, kuma kowane guda sunansa bit. Bit takwas su ne bait ɗaya. Megan da ake saye a waya bait wajen miliyan ɗaya ne.

Mai sayar da zogale a Jiratawa, kusa da Maraɗi a Nijar, in ya ce dala ashirin, abin da aka buga a jikin kuɗin 100 ne, kuma babu wanda ya rikice, don kuɗin bai sauya ba, hanyar ƙirga shi ce ta bambanta. Kwamfuta ma tana da tata hanyar. A lissafin makaranta kowane gurbi yana ninka na damansa sau goma. A nata lissafin sau biyu ne: 1, 2, 4, 8, 16, 32, 64. Ɗari kuwa 64 ne da 32 da 4, saboda haka a wurinta 100 shi ne 1100100.

Abin da malamai suka riga suka sani

Ba wa harafi lamba ba baƙon abu ba ne a ƙasar Katsina da Gobir. Almajirin da ya karanci hisabi ya san alif ɗaya ne, ba biyu, jim uku, dal huɗu, har zuwa shin, wanda a tsarin Magariba da malamanmu ke bi yake daidai da 1000. Da wannan ne mawallafan ajami suke rufe waƙa da ramzi. Shekarar 1218 ta Hijira, wadda Shehu Usmanu ya yi hijira zuwa Gudu a cikinta, ana iya rubuta ta da shin da ra da ya da ha ƙarami: 1000 da 200 da 10 da 8. Muhammad al-Kashinawi, Bakatsinen da ya rasu a Alƙahira a 1741, ya rubuta littafi a 1732 kan hatimi, inda jimillar kowane layi dole ta zo daidai da ta sauran. Gida ɗaya ya ɓaci, jimilla za ta tona shi.

Wanda ya fi kusa da aikin kwamfuta shi ne bugun ƙasa. Malaman addini sun hana shi saboda da'awar sanin gaibu, kuma ba wannan da'awar ake magana a kanta a nan ba. Lissafin da ke ƙarƙashinsa ne abin lura. Mai duba yakan yi layuka goma sha shida na ɗige-ɗige a rairayi ba tare da ƙirgawa ba, sannan ya riƙa share su biyu-biyu har ya rage ɗaya ko biyu, wato mara ko cika. Layi huɗu ke ba da siffa ɗaya, kuma tun da kowane layi hali biyu ne gare shi, siffofin duka 16 ne, daidai da abin da bit huɗu ke iya bayarwa. Daga siffofi huɗu na farko, uwaye, ake fitar da huɗu na biyu. Daga nan sai a riƙa haɗa biyu-biyu: layuka in sun yi kama a sa ɗigo biyu, in sun saɓa a sa ɗaya. Wannan ƙa'idar haɗawa tana cikin kowace kwamfuta a yau. Siffa ta goma sha biyar, wadda ake kira mizani ko alƙali, dole ɗigoginta su zama cika, domin kowane ɗigo na uwaye ya shiga lissafinta sau biyu. In ta fito mara, an yi kuskure a hanya, sai a share a sake. Littafin al-Zanati, wanda ya rayu a wajen ƙarni na 13, na cikin waɗanda suka yaɗa wannan tsari a Afirka ta Yamma.

Kwamfuta ba daga bugun ƙasa ta fito ba, kuma masu faɗin haka sun wuce gona da iri. Abin da ya tabbata shi ne, dabarar kama kuskure ta hanyar cika da mara ta daɗe a hannun mutanen wannan yanki kafin a ƙera na'urar farko.

Daga takarda zuwa waya

Bajamushe Gottfried Leibniz ne ya wallafa cikakken bayanin lissafin 0 da 1 a 1703. George Boole na Ingila ya mai da gaskiya da ƙarya lissafi a 1854. A shekarun 1870 Bafaranshe Émile Baudot ya ba kowane harafi bit biyar don buga tangaraho, abin da ya ba da alamomi 32 kacal. Claude Shannon ya nuna a 1937 cewa makunnan lantarki za su iya yin lissafin Boole, kuma a rubutunsa na 1948 kalmar bit ta fara fitowa a bugu.

A 1963 Amurka ta fitar da tsarin ASCII mai bit bakwai, gurabe 128. A ciki A ya samu 65, daga baya k ƙarami ya samu 107. An yi shi ne don Turancin Ingilishi, babu ko é na Faransanci. Da aka ƙara bit na takwas gurabe suka zama 256, kuma tsarin ISO 8859-1 na 1987 ya cike sabbin guraben da haruffan Yammacin Turai. Sakamakon haka a Nijar shi ne, a wancan lokacin kwamfutar ofis a Maraɗi tana rubuta Faransanci da é da è da ç, amma ba ta iya rubuta sunan garin da take ciki, don ɗ ba shi da lamba.

Haruffa masu lanƙwasa

Haruffan ɓ, ɗ da ƙ sun zauna a rubutun boko a shekarun 1930, lokacin da Rupert East ke jagorantar Hukumar Talifi a Zariya. Kafin nan akan sa ɗigo a ƙarƙashin harafi ko waƙafi a gefensa. Taron UNESCO na Bamako a 1966 da na Yamai a 1978 sun yi ƙoƙarin daidaita haruffan harsunan Afirka. Nijar ta ɗauki ƴ inda Nijeriya ke rubuta 'y, kuma doka mai lamba 212 ta ma'aikatar ilimi, ta watan Oktoba 1999, ta tsayar da ƙa'idar rubutun Hausa a ƙasar.

A zamanin keken rubutu akan buga k, sannan a bi da biro a sa mata lanƙwasa. Da kwamfuta ta zo, maɗaba'u da ofisoshin yaƙi da jahilci suka koma ga dabara: a ƙera nau'in haruffa na musamman, a cire hoton wata alama da ba a bukata, a sa hoton ƙ a gurbinta. A kan allo da takarda komai na fita daidai. Amma lambar da ke ciki ta tsohuwar alamar ce, don haka in aka kai rubutun wata kwamfuta da ba ta da wannan nau'in haruffan, sai ya koma shirme. Kowace maɗaba'a kuma da nata gurbin da ta zaɓa. Wannan zamani ya yi wa Hausa ɓarna mai yawa, domin littattafan da aka sha wahalar bugawa sun zama ba sa bincikuwa, ba sa kwafuwa. Sai da aka sake bin wasu harafi-harafi aka gyara, kamar yadda shirin DiLAF ya yi wa ƙamusan Hausa da Barbarci da Zabarmanci da Tamajak na makarantun Nijar.

Mafita ta zo daga Unicode, aikin da Joe Becker na kamfanin Xerox da Lee Collins da Mark Davis na Apple suka fara a ƙarshen shekarun 1980, aka fitar da bugunsa na farko a Oktoba 1991. Manufarsa kowane harafi na kowane harshe ya samu lamba tasa shi kaɗai. Tun a farkon tafiyar haruffan Hausa suka shiga: Ƙ 408, ƙ 409, Ƴ 435, ƴ 436, Ɓ 385, Ɗ 394. Ƙananan ɓ da ɗ kuwa sun faɗa can cikin rukunin alamomin masana furuci, 595 da 599. Shi ya sa har yanzu akan ga nau'in haruffa mai ƙ amma babu ɗ, sai ɗ ya fito da wata kama daban a tsakiyar kalma ko ya zama ɗan akwati.

A Satumba 1992 Ken Thompson da Rob Pike suka tsara UTF-8, hanyar da yawancin shafukan intanet ke rubuta waɗannan lambobi a yau. A ciki k bait ɗaya ne, ƙ biyu: 11000110 da 10011001. In wata manhaja ta karanta biyun nan da tsohon tsarin Windows na Yammacin Turai, za ta ɗauke su haruffa biyu ne, sai ƙasa ta fito Æ™asa. Duk wanda ya ga haka ya sani rubutunsa bai lalace ba, da ma'aunin da bai dace ba aka karanta shi.

Saƙon tes shi ne ya fi koya wa mutane zubar da lanƙwasa. Saƙo ɗaya na tsarin GSM bait 140 ne. Da haruffa masu bit bakwai yana ɗaukar 160, amma ƙ ɗaya tak in ta shiga, wayar za ta koma tsarin bit 16, saƙon ya ragu zuwa haruffa 70. Manomin fadamar Jiratawa da zai tura wa dillali a Maraɗi farashin kayan lambu zai biya kuɗin saƙo biyu ko uku a kan abin da ɗaya ya isa, in ma wayar tana da harafin. WhatsApp ba shi da wannan iyaka, amma sabon ya riga ya kama hannu.

Ajami ya fi daɗewa yana jira. Sai a 2016 Unicode ya shigar da fa da ƙaf da nun irin na rubutun Warshu, a 2020 kuma ya ƙara wasu haruffan ajamin Hausa. Nau'in haruffa na Alkalami, da ƙungiyar SIL ta ƙera bisa salon rubutun Kano, yana cikin waɗanda suka sa ajamin kwamfuta ya yi kama da na allo.

Kama kuskure

Bit na iya juyewa a hanya saboda tsawa, raunin sabis ko lalacewar ma'ajiya. Kariya mafi sauƙi ita ce ta cika da mara. Harafin k shi ne 1101011, mai ɗaya guda biyar. Mai aikawa zai ƙara 1 a gefe su zama shida. Mai karɓa in ya ƙirga ya samu mara, ya san wani abu ya taɓu. Rauninta biyu ne: ba ta nuna inda kuskuren yake, kuma in bit biyu suka juye tare ba ta gani.

Richard Hamming na ɗakin bincike na Bell a Amurka ya gaji da na'urar da yakan bar wa aiki ranar Juma'a, ya dawo Litinin ya tarar ta tsaya saboda kuskure ɗaya. A 1950 ya wallafa hanyar da bit huɗu na saƙo ke tafiya da uku na tsaro, kowane na tsaro yana gadin wani rukuni daban. Rukunonin da suka fito mara su ne ke nuna gurbin da ya juye, na'ura ta gyara da kanta. Irving Reed da Gustave Solomon sun zo da wata hanya a 1960 mai gyara ɓarna mai faɗi, kuma ita ce ta sa faifan CD da ya ɗan karce ko alamar QR da ta ɗan goge suke karantuwa.

Akwai kuma tsaro daga kuskuren yatsa. Wanda ya danna *#06# a wayarsa zai ga lambar IMEI mai alƙaluma 15. Na ƙarshen ba zaɓarsa aka yi ba, an fitar da shi ne daga sauran 14 da lissafin Hans Peter Luhn na IBM, wanda ya nemi rajistarsa a 1954. Katin banki ma haka yake, kuma alƙaluma biyu na ƙarshen lambar asusu ta RIB a bankunan Nijar aikinsu ke nan.

Duk waɗannan dabaru suna tsare abin da aka ba na'ura ne. In mutum ya rubuta kafa yana nufin ƙafa, saƙon zai isa lafiya da kuskurensa, don 107 aka aika kuma 107 aka karɓa. Manhajojin bincike da na fassara suna koyon Hausa daga abin da muka rubuta, kuma rubutu marar lanƙwasa yana koya musu cewa kalmomi biyu ɗaya ne. A nan zaɓin Nijar ya fi ƙarfi: ƴ lamba ɗaya ce tsayayya, alhali waƙafin 'y yana da lambobi aƙalla uku a Unicode, ta yadda kalma ɗaya kan rarrabu gida uku wajen bincike.

A Maris 2025 kundin sake gina ƙasa ya ayyana Hausa a matsayin harshen ƙasa na Nijar. Takardun mairi a Jiratawa da Tibiri, littattafan makaranta, da rubuce-rubucen ɗaliban Jami'ar Ɗan Dikko Ɗankulodo ta Maraɗi za su ƙara yawa da Hausa, kuma yadda aka shigar da su yau haka za a gaje su. Wajibi ne ofisoshi da maɗaba'u su daina amfani da tsofaffin haruffan dabara, su koma Unicode. Mai waya kuma ya shiga saitin Gboard ya ƙara Hausa cikin harsunan rubutunsa, zai samu ɓ, ɗ, ƙ da ƴ a nan, kyauta.