Tallan la'ada a intanet

Tallan la'ada, wanda masu harkar ke kira afiliyet, wasu kuma tallan haɗin gwiwa, tsari ne na kasuwanci a intanet inda mai kaya ke biyan wani mutum ko kamfani lada saboda ya jawo masa mai saye. Mai jawo cinikin, wanda ake kira mawallafi ko abokin talla, yana sanya mahaɗa ta musamman a shafinsa, ko a ƙarƙashin bidiyonsa, ko cikin saƙon imel. Idan wani ya latsa mahaɗar ya sayi kaya ko ya yi rajista, sai a rubuta wa mawallafin la'adarsa. Ba a biyansa sai abin da aka yi yarjejeniya a kai ya tabbata. Wannan ne ya bambanta tsarin da tallan rediyo ko na jarida, inda ake biyan kuɗin fili ko an yi ciniki ko ba a yi ba.

Asalin suna

Kalmar afiliyet an aro ta ne daga Turanci, tushenta kuma wata kalma ce ta Latin mai nufin ɗaukar yaro a matsayin ɗa. A Hausa, kalmomin da suka fi kusa da ma'anar su ne dillanci, la'ada da kamasho. Dillali kalma ce da ta zo daga Larabci, kamasho kuma daga Turanci. Sai dai akwai bambanci tsakanin mawallafi da dillalin kasuwa. Dillali yakan san mai kaya da mai saye, yana shiga tsakani a yi tayi har a sallama. Mawallafi kuwa ba ya riƙe kaya, ba ya yanke farashi, kuma galibi ba ya sanin wanda ya saya. Na'ura ce ke shaida cewa ta hannunsa ciniki ya zo.

Ɓangarorin da ke cikin harkar

Ɓangarori huɗu ne ke haɗuwa a wannan tsari. Na farko shi ne mai kaya, wato kanti ko kamfanin da ke neman kasuwa, kuma shi ke ƙayyade yawan la'ada da sharuɗɗa. Na biyu shi ne mawallafi. Daga cikin mawallafa akwai shafukan da ke gwada kayayyaki su yi sharhi a kansu, da masu kwatanta farashi, da masu raba lambobin rangwame, da shafukan da ke mayar wa mai saye wani ɓangare na kuɗinsa, da masu dubban mabiya a YouTube, Instagram da TikTok. Na uku shi ne kamfanin tsakiya, wanda ke haɗa masu kaya da mawallafa, ya lissafa ciniki, ya karɓi kuɗi ya raba, shi ma ya ɗauki rabonsa. Wasu manyan kantuna, kamar Amazon, suna gudanar da shirinsu da kansu. Na huɗu shi ne mai saye, wanda yawanci farashin da zai biya ba ya ƙaruwa saboda ya bi ta mahaɗar.

Tarihi

Ana danganta farkon tsarin ga William J. Tobin, Ba'amurke mai kamfanin sayar da furanni da kayan kyauta na PC Flowers & Gifts. A shekarar 1989 ya fara sayar da kaya ta hanyar sadarwar Prodigy, yana ba ta kaso daga cikin abin da aka sayar. A watan Janairun 1996 ya nemi takardar mallakar wannan dabara, aka ba shi a watan Oktoban 2000.

A watan Nuwamban 1994 kantin sayar da faifan waƙa na CDNow ya ƙaddamar da shirinsa mai suna BuyWeb, wanda ya ba shafukan da ke magana a kan waƙoƙi damar tura masu karatu kai tsaye zuwa inda za su sayi faifai. Amma shirin Amazon Associates, da aka buɗe a watan Yulin 1996, shi ne ya yaɗa tsarin a duniya. A lokacin littattafai Amazon ke sayarwa, kuma duk mai shafi yana iya sanya mahaɗar littafi ya sami kaso idan an saya.

Daga nan kamfanonin tsakiya suka fito. An kafa LinkShare a 1996, Commission Junction da ClickBank a 1998, Tradedoubler a ƙasar Suwidin a 1999, sai ShareASale a 2000. A 2005 kamfanin Rakuten na Japan ya sayi LinkShare a kan dala miliyan 425. A 2017 aka haɗe zanox da Affiliate Window suka zama Awin.

Kafofin yaɗa labarai ma sun shiga harkar yayin da kuɗin tallan jaridu ke raguwa. A 2016 jaridar New York Times ta sayi Wirecutter, shafin gwada kayayyaki da Brian Lam ya kafa a 2011, a kan kusan dala miliyan 30. La'ada ce babbar hanyar samun kuɗin shafin.

Yadda ake gane mai ciniki

Kowane mawallafi yana da lambar shaida da ake saƙawa a cikin mahaɗarsa. Idan mai karatu ya latsa, sai shafin mai kaya ko na kamfanin tsakiya ya ajiye wani ɗan ƙaramin bayani a burauzarsa, wanda ake kira kuki. Lou Montulli ne ya ƙirƙiro kuki a kamfanin Netscape a 1994. Idan aka kammala sayayya, shafin yana duba kukin ya gane ta hannun wa mai sayen ya zo.

Kuki yana da wa'adi. A Amazon wa'adin awa 24 ne, amma idan mai saye ya sanya kayan a kwandon sayayya cikin wannan lokaci, mawallafi yana iya samun la'ada ko da sai bayan makonni aka biya. Wasu masu kaya suna ba da wa'adin kwana 30 ko fiye.

Mutum ɗaya yana iya bi ta mahaɗai da yawa kafin ya saya. Ƙa'idar da aka fi bi ita ce ta latsawar ƙarshe, wato wanda aka latsa mahaɗarsa daf da biya shi ke ɗaukar la'adar gaba ɗaya. Ana sukar wannan ƙa'ida da cewa wanda ya yi wahalar gwada kaya da bayani yakan tashi a tutar babu, idan mai saye ya biya ta shafin rangwame a minti na ƙarshe.

Matakan kare sirri sun rage ƙarfin kuki. Tun 2017 kamfanin Apple ya fara taƙaita bibiyar masu amfani da burauzar Safari, Firefox kuma ta fara toshe kukin bibiya kai tsaye a 2019. Don haka masu harkar suka ƙara dogara da wasu hanyoyi, kamar ba kowane mawallafi lambar rangwame tasa, ko aika bayanin ciniki daga kwamfutar mai kaya zuwa ta kamfanin tsakiya ba tare da bi ta burauza ba.

Hanyoyin biya

Hanyar da ta fi yawa ita ce biya a kan ciniki, inda mawallafi ke samun kaso daga kuɗin kaya. Akwai biya a kan aiki, kamar cike fom, buɗe asusu ko sauke manhaja, kuma a nan kuɗin ƙayyadadde ne. Bankuna da kamfanonin inshora sun fi amfani da ita. Akwai biya a kan kowace latsawa, wadda aka yi yayi a farko amma ta ragu saboda sauƙin maguɗi. Akwai kuma rabon kuɗin shiga mai ɗorewa, inda ake ci gaba da biyan mawallafi muddin wanda ya kawo yana sabunta rajistarsa wata-wata.

Yawan la'ada ya danganta da ribar da ke cikin kaya. Kayan lantarki kasonsu kaɗan ne, amma manhajoji da darussan intanet kan kai rabin farashi ko fiye, domin sake kwafinsu ba ya cin kuɗi. A matsayin misali, idan mutum 1,000 suka latsa mahaɗa, 20 daga cikinsu suka sayi kayan naira 20,000, la'ada kuma kashi 5 cikin 100 ce, mawallafi zai sami naira 20,000, wato naira 20 a kan kowace latsawa. Da irin wannan lissafi mawallafa ke kwatanta shiri da shiri. Yawanci ba a sakin kuɗin sai lokacin mayar da kaya ya wuce, kuma idan an mayar ana soke la'adar.

Amfani da haɗari

Ga mai kaya, amfanin shi ne ba ya biya sai ya ga sakamako, kuma yana kaiwa ga jama'ar da tallansa ba zai kai ba. Haɗarin shi ne ba ya iko da abin da mawallafi zai faɗa da sunan kayansa, sannan yana iya biyan la'ada a kan mutumin da dama ya yi niyyar saye.

Ga mawallafi, ba a buƙatar jari mai yawa, ba ruwansa da ajiyar kaya ko kai su. Amma duk ɗawainiyar tara masu karatu tana kansa, kuma mai kaya yana iya sauya sharuɗɗa rana ɗaya. A watan Afrilun 2020 Amazon ya rage la'adar kayan ɗaki a Amurka daga kashi 8 zuwa kashi 3, ta kayan abinci kuma daga kashi 5 zuwa kashi 1. Haka nan mawallafa da yawa sun dogara da injin bincike na Google. Sauyin da Google ya yi a 2011, mai suna Panda, ya mayar da shafuka marasa ƙwaƙƙwaran bayani baya a sakamakon bincike.

Ga mai saye kuwa, batun amana ne. Wanda ake biya idan an saya yana iya yabon kayan da la'adarsu ta fi tsoka, ba waɗanda suka fi inganci ba.

Maguɗi

Sanannen nau'in maguɗi shi ne cusa kuki, wato dasa kuki a burauzar mutum ba tare da ya latsa komai ba, ta yadda duk abin da ya saya daga baya za a rubuta wa mai maguɗin. A 2008 kamfanin eBay ya kai ƙarar Shawn Hogan da Brian Dunning, waɗanda ke cikin manyan mawallafansa, a kan wannan. Hogan ya karɓi sama da dala miliyan 28 daga shirin. Dukansu sun amsa laifin zamba, kuma a 2014 aka yanke wa Hogan ɗaurin wata 5, Dunning kuma wata 15.

Sauran hanyoyin sun haɗa da cike fom da sunayen bogi, sayayya da katin banki na sata, yin rajistar adireshi mai kama da na kanti domin kama masu kuskuren rubutu, da aika saƙonnin talla barkatai. A watan Disamban 2024 an zargi Honey, manhajar neman rangwame da PayPal ya saya a kan kusan dala biliyan 4, da maye gurbin mahaɗar mawallafa da tata a lokacin biya. Zargin ya jawo ƙararraki a kotunan Amurka.

Dokoki

A Amurka, hukumar kula da kasuwanci ta tarayya, FTC, ta sabunta ƙa'idojinta a 2009 da kuma 2023. Ƙa'idojin sun wajabta wa mai yabon kaya ya bayyana a fili cewa yana samun kuɗi idan an saya, kuma bayanin ya kasance inda mai karatu zai gani. Hukumar ASA ta Birtaniya ma tana da irin wannan ƙa'ida. A Tarayyar Turai ana buƙatar izinin mutum kafin a ajiye masa kukin talla, kuma dokar kare bayanai ta GDPR, da ta fara aiki ranar 25 ga Mayun 2018, ta tsaurara sharuɗɗan wannan izini. Tun 2019 Google ke neman a yi wa mahaɗan da ake biya alama ta musamman.

Harkar ta taɓa shiga rikicin haraji. A 2008 jihar New York ta yi dokar da ta ɗauki mawallafan da ke zaune a jihar a matsayin wakilan kanti, don haka dole kantin ya karɓar mata harajin ciniki. Wasu jihohi suka yi koyi da ita, Amazon kuma ya sallami mawallafansa a wasu daga cikinsu, har da Kalifoniya na ɗan lokaci a 2011. Hukuncin Kotun Ƙolin Amurka na 2018, a shari'ar jihar Dakota ta Kudu da kamfanin Wayfair, ya ba jihohi damar karɓar haraji daga kantunan intanet ko ba su da wakili a jihar.

Bambanci da tsarin dala

Akan rikita tallan la'ada da tsarin dala, wato wanda ake biyan tsofaffin mambobi da kuɗin sababbi. A tallan la'ada kuɗin yana fitowa ne daga cinikin kaya na gaske, kuma shiga manyan shirye-shirye kyauta ne. A tsarin dala kuwa sai mutum ya zuba kuɗi, ribarsa kuma ta dogara ga yawan mutanen da ya jawo, don haka tsarin yana rushewa da zarar sababbi sun daina shigowa. MMM, wanda ya rufe asusun mambobinsa a Najeriya a watan Disamban 2016, yana ba da lada ga mai kawo wani, amma babu kayan da yake sayarwa.

A Najeriya

Kantunan intanet na Jumia da Konga, waɗanda aka kafa a Legas a 2012, sun buɗe shirye-shiryen la'ada ga masu shafuka da masu mabiya a kafofin sada zumunta. Hukumar ARCON, da dokar 2022 ta kafa a madadin APCON, ita ke sa ido a kan talla a ƙasar, har da na intanet. Dokar kare bayanan jama'a ta 2023 kuma ta shafi yadda ake tattara bayanan masu saye da yadda ake amfani da su.