Daga Ɗakin Duhu Zuwa Allon Kyamara: Tarihin da ke Cikin "Wankin Hoto"

A darasin kalmomin aro nakan tambayi ɗalibai dalilin da ya sa Bahaushe ke cewa zai kai hoto a wanke masa, alhali hoton yana cikin waya ko cikin katin kyamara, bai yi datti ba, ba kuma ruwa za a zuba masa ba. Mafi yawansu sukan yi shiru, domin sun taso ne a zamanin da ake danna maɓalli hoto ya bayyana nan take. Ita kalmar "hoto" ba ta ba su wahala: aro ce daga bakin Turawa, kuma sauyin "f" zuwa "h" sananne ne ga duk wanda ya san "fuɗu" da "huɗu", ko "fura" da "hura". Wankin ne ke ɗaure musu kai, amsarsa kuwa tana cikin tarihin sana'ar.

Tun a ƙarni na 11 Ibn al-Haisam, masanin nan haifaffen Basra da ya zauna a Alƙahira, ya bayyana yadda haske ke ratsa ƙaramar kafa ya shiga ɗaki mai duhu, ya zana surar abin da ke waje a jikin bango, kai a ƙasa. Abin da ya gagari mutane ƙarnoni da dama shi ne yadda za a tsayar da surar kada ta gushe. Wajen 1826 wani Bafaranshe, Nicéphore Niépce, ya shafa wani nau'in kwalta a kan farantin ƙarfe, ya bar shi yana fuskantar tagar gidansa na aƙalla sa'o'i takwas. Inda haske ya bugi kwaltar ta taurare, sai ya wanke sauran da mai, surar rufin gidaje ta fito. Ke nan da wanki aka samu hoto mafi daɗewa da ya rage a duniya. Da aka koma ga sinadaran azurfa, bayan an bayyana fasahar Louis Daguerre a 1839, aikin ya ƙara tsawo. A zamanin fim, surar da aka ɗauka ba ta ganuwa sai an tsoma shi a ruwan magani na farko da zai fito da ita, da na biyu da zai dakatar da aikin na farkon, da na uku da zai kafe ta, sa'annan a ɗauraye da ruwa a shanya. Bahaushen da ya kira wannan aiki wanki, abin da idonsa ya gani ya faɗa.

Muddin mai ɗauka shi ne mai wankewa, hoto sana'ar ƙwararru ce. George Eastman ne ya raba ayyukan biyu. A 1888 ya fito da kyamarar Kodak a kan dala 25, da fim na hoto ɗari a cikinta. Idan ya ƙare sai mutum ya aika da kyamarar dungurungum zuwa Rochester a Amurka, a wanke, a sa sabon fim, a mayar masa. A 1900 ya ƙaro da Brownie mai dala ɗaya. Daga nan aka samu mai ɗaukar hoto don sha'awa kawai, wanda bai san komai game da sinadari ba.

A ƙasashenmu wannan sauyi ya yi jinkirin isowa, hoto ya daɗe a hannun masu sana'a. Mai hoto ake kira ranar suna da biki, wurinsa ake zuwa da kayan salla a tsaya gaban labule mai zane. A Yamai, hotunan da Philippe Koudjina ya ɗauka a shekarun 1960 da 1970 suna cikin abin da ake dogara da shi a yau wajen sanin yadda samarin birnin suka yi ado da nishaɗi bayan samun mulkin kai. Wanda ya mallaki kyamarar kansa ma bai kuɓuta daga mai wanki ba. Fim ɗinsa hoto 24 ne ko 36, kowanne da kuɗinsa, saboda haka ba a dannawa sai an gyara zama, an gyara hula, an yi shiru. Wannan ne, a ganina, ya sa fuskokin iyayenmu a tsofaffin hotuna suke da wata natsuwa da ba a cika samu a na yanzu ba. Bayan haka sai jira na kwanaki, wani lokaci a ce maka fim ya ƙone domin haske ya shige shi, bikin kuwa ya riga ya wuce. Akwai kuma abin da ba a cika faɗa ba: duk hoton da aka ɗauka a cikin gida sai baƙon ido ya gan shi kafin masu shi. Ga al'ummar da ke da kunya da kulle, wannan ba ƙaramin shinge ba ne.

Abin mamaki, daga cikin kamfanin Kodak ne aka fara haƙa ramin da fim ya faɗa. A 1969 Willard Boyle da George Smith suka ƙirƙiro wata ƴar na'ura da ke mayar da haske zuwa lantarki, aikin da ya ba su kyautar Nobel a 2009. Da irinta ne wani matashin injiniyan Kodak, Steven Sasson, ya haɗa kyamarar dijital a 1975. Nauyinta ya kai kilo 3.6, hotonta baƙi da fari ne mai ɗigo 10,000 kacal, kuma sai ta yi daƙiƙa 23 kafin ta naɗe hoto guda a kan kaset. Kamfanin bai yi gaggawar kai ta kasuwa ba, kuma ba wuya a gane dalili: ribarsa tana cikin fim da takarda da ruwan magani, wato cikin wanki.

Ga mai sha'awa, shekarar da ta fi muhimmanci ita ce 1995, lokacin da Casio ya fito da QV-10 mai ƙaramin allo a jikinta. Da allon nan jira ya ƙare. Mutum ya ɗauka, ya duba, ya goge, ya sake, ba tare da ya biya ko sisi ba, ba kuma wanda ya gani sai wanda ya nuna wa. Koyo ma ya sauya: kuskuren da a da sai bayan mako ake ganinsa, lokacin da an manta yadda aka yi shi, yanzu a take ake gyara shi. A 2000 aka fara sayar da wayar Sharp mai kyamara a Japan, cikin ƴan shekaru wayar ta mamaye kasuwar ƙananan kyamarori, a Janairun 2012 kuma Kodak ya nemi kariyar kotu saboda bashi.

Sai dai ɗalibin da zai yi bincike kan suturar Hausawa ko adon amare zai tarar da wani giɓi. Hotunan 1975 suna nan a ƙasan akwatin kaka, sun yi ja amma ana ganinsu, wasu har da kwanan wata da hatimin mai hoto a baya. Na 2008 kuwa da yawa sun tafi tare da wayar da aka sace, ko katin da ya lalace, ko kwamfutar da ta mutu, domin ba wanda ya ga buƙatar fitar da su a takarda. Ni kaina hotunan sunan ɗiyata ta fari suna cikin wani kati da ya ƙi buɗewa. Guda uku kaɗai suka tsira, su ne waɗanda mahaifiyata ta nace sai an kai shago an wanke mata. Injin da ya buga su da tawada yake aiki, bai taɓa ruwan magani ba.