Layin Wuta da Gonar da ke Ƙarƙashinsa

Wani dare a shirina na rediyo, wani dattijo ya bugo waya daga wani ƙauye kusa da Gushegu. Ya ce ya ji raɗe-raɗin za a ja babban layin wuta ta yankinsu, ga shi gonarsa ta aro ce tun zamanin mahaifinsa. Idan turakun suka faɗo cikinta, wa za a biya? Na ce, "Baba, ka ba ni mako guda." Neman amsar ya mayar da ni zamanin Turawa.

A 1931 Turawan Ingila suka yi dokar da ta sanya filayen Arewacin Gana a hannun Gwamna, alhali a Kudu ƙasa tana hannun sarakuna da dangi. Bayan 'yancin kai a 1957 ikon ya koma ga shugaban ƙasa. A cikin wannan hali aka kafa hukumar VRA a 1961, aka yi dokar ratsa filaye da ayyukan gwamnati a 1963, Nkrumah ya buɗe madatsar Akosombo a Janairun 1966, aka kuma fitar da ƙa'idojin kare layukan wuta a 1967. Tafkin Volta ya tayar da mutum kusan 80,000, amma wutarsa ba ta zo Arewa ba. Tamale ta ci gaba da dogara da injinan dizil fiye da shekara ashirin.

Sai a 1987 VRA ta buɗe sashenta na Arewa, aka ja layi ta Techiman zuwa Tamale da Bolgatanga, daga baya ya kai Yendi da yankin Bawku. Kafin nan tsarin mulkin 1979 ya riga ya mayar da filayen Arewa ga masu su na asali, na 1992 ya sake tabbatarwa a sashe na 257. Wato an rubuta dokokin waya lokacin da ƙasar ta gwamnati ce, wayar kuwa ta iso bayan ta koma hannun sarakuna da iyalai. A Dagbon, tun daga Ya-Na har sarkin ƙauye kowa na da ta cewa.

Yanzu aikin ƙaruwa yake, domin rana a Arewa take. Bayan dokar makamashi mai sabuntawa ta 2011, VRA ta buɗe tashar hasken rana a Navrongo a 2013, sai Lawra a 2020 da Kaleo a 2022. Kamfanin GRIDCo, mai kula da manyan layuka tun 2008, ya haɗa Bolgatanga da Wagadugu a 2018. Duk wutar da aka samar sai ta sami hanyar fita, hanyar kuwa ta gonaki take bi.

Irin wannan aiki ba ya tashi sai da lauyoyi. Su ke tsara yarjejeniyar bashi da bankuna, su nemo lasisi da izinin muhalli, su tabbatar da haƙƙin hanyar. Layi mai kilobolt 161 yana cin faɗin mita 30, mai 330 kuma mita 40. Ba a gini a ciki, ba a barin doguwar bishiya. Kaɗanya da ɗorawa da mangwaro sai sara, waɗannan kuwa su ne asusun mata.

Sashe na 20 na tsarin mulki ya ce duk wanda gwamnati ta karɓi dukiyarsa a biya shi diyya mai adalci ba da jinkiri ba, kuma yana da damar zuwa Babbar Kotu. Bisa al'ada kuɗin ƙasa na mai ƙasa ne, na shuka na wanda ya shuka. Ƙa'idojin Bankin Duniya ma suna lissafa mai noma fili ko ba shi da takarda. Amma ranar ƙidaya ake yanke komai. Wanda sunansa bai shiga ba, ko ya dangwala yatsa a takardar da ba a karanta masa ba, wahala ta same shi.

Wannan na gaya wa dattijon da mako ya zagayo: ya tsaya a gonarsa ranar awo, a ƙirga bishiyoyi a gabansa, a rubuta matan da ke tsintar kaɗanya, ya karɓi kwafi. In rigima ta taso, akwai Hukumar Agajin Shari'a da CHRAJ.

A da, fataken Kano masu zuwa Salaga sayen goro ba sa ratsa ƙasar Yendi sai madugu ya zauna da sarki an daidaita. Kamfani da banki suna da madugansu. Manomi da mai tsintar kaɗanya ne har yau ke zuwa zaman ba mai yi musu magana, kuma gonarsu ake ratsawa.