Akwatin Rediyo da Halin Mutanen Zango

Iyayenmu sun ce kafin rediyo, jirgin ƙasa ne ke kawo mana labari. Layin dogo daga Kano ya iso Nguru a 1930, shi ne ma ya jawo da yawa daga kakanninmu ƙasar Bade, suna fataucin gyaɗa da fata da bandar kifi. Da aka fara buga Gaskiya Ta Fi Kwabo a Zariya a 1939, takan biyo jirgi, ta kwana biyu a aljihun fatake kafin ta iso Gashuwa da Dagona. Mutum ɗaya ke karantawa, saura a kasa kunne. Wai tun lokacin akan gane hali: mai son gardama ya matsa a fara da yaƙin Hitila, mai son jama'a ya ce a'a, wasiƙun masu karatu tukuna.

Sannan rediyo ta zo. BBC ta fara Hausa a 1957, Rediyon Kaduna ta buɗe a 1962, Jamus ta biyo a 1963, Muryar Amurka sai 1979. Mu da muka tashi a wannan zamani, akwati ɗaya muka sani a majalisar bakin kanti, batir ma karo-karo ake yi masa.

To, a nan muka koyi karatun mutane, kuma ya amfane mu a kasuwa. Wanda zai ji BBC, ya ce sai an murɗa Jamus ya ji ko sun faɗi daidai, shi ne wanda idan ka auna masa shinkafa sai ya sake aunawa da mudunsa. Ba ya cuta, ba a cutarsa, amma zama da shi sai haƙuri. Ɗan Zaɓi Sonka, mai aika katin gaisuwa har ga mutanen da bai taɓa gani ba, ba ya fashin suna ko jana'iza. Bashi kuwa, ba shi kaɗan-kaɗan, don hannunsa a sake yake. Masu jiran Samanja su ne ke raba faɗa da barkwanci.

Inda abin ya fi fitowa shi ne azumi. Rediyon Kaduna na sa tafsirin Shehu Abubakar Gumi, tana kuma sa na Shehu Ɗahiru Bauci. Bayan kafa Izala a 1978 zango ya ɗau zafi, ba ma musu. Sai dai abin da muka lura, masu tayar da jijiyar wuya a ɓangarorin biyu halinsu ɗaya ne, ko a kan kuɗin kwale-kwale haka suke. Masu sanyin hali kuwa, kowane malami ke karatu, sukan tsinci abin amfani su tashi. Kuma da yake akwatin ɗaya ne, dole kowa ya ji na kowa har ƙarshe.

Kaset ya fara raba mu, wayar salula ta shigo a 2001, daga baya mai intanet ta ƙarasa aikin. A 2013 masana a Jami'ar Kambirij ta Ingila suka bincika mutum sama da 58,000, suka nuna cewa daga abin da mutum ke danna wa alamar so a Facebook ana iya hasashen halinsa. Wato abin da muke yi da ido a bakin kanti, yanzu na'ura ke yi, ita kuma ba shawara take ba ka ba. Mai zafin rai ta tura masa abin da zai ƙara hura shi, mai tsoro ta cika shi da jita-jitar hari.

A azumin da ya wuce samari biyu suka cakumi juna a ƙofar masallaci kan wani guntun wa'azi na rabin minti. Muka zaunar da su muka tambaya, ashe babu wanda ya ji farkon karatun a cikinsu, balle ƙarshensa. Tun daga ranar muka kakkaɓe tsohuwar rediyonmu muka mayar da ita bakin kanti. Ana kunna ta ƙarfe takwas da rabi na dare, an shimfiɗa tabarma biyu, ɗaya ta dattawa, ɗaya ta samari. Ta samarin har yanzu da sauran wuri.